GIACOMO CIAMICIAN, MASANIN DA YA SO A SA RANA AIKI

Ran 2 ga watan Janairu na shekarar 1922 aka yi rashin wani babban masanin ilmin haɗa sinadarai a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, mai suna Giacomo Ciamician. Ya rasu yana da shekara 64 da haihuwa, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana koyarwa a jami'ar wannan birni. Sau tara ana gabatar da sunansa don a ba shi lambar girma ta Nobel, amma ko sau ɗaya bai samu ba. Duk da haka, a yau masana na duniya sun yarda cewa yana cikin waɗanda suka kafa harsashin wani reshe guda na kimiyya, watau ilmin yin amfani da haske wajen haɗa magunguna da sauran sinadarai.

Tambayar da ta dame shi tsawon rayuwarsa ba ta da wuyar faɗi. Masana'antun Turai na zamaninsa ba su iya haɗa rini ko magani sai da wuta mai tsanani, da ruwan asid mai cin fata, da tulin kwal da ake ƙonawa dare da rana. Ga kuma ɗan ganye a bakin hanya, ba shi da tanderu, ba shi da tukunya, amma yana haɗa sukari da mai da ƙamshi da dafi daga iska da ruwa da hasken rana kawai. To, mene ne asirin ganyen nan, kuma me zai hana ɗan Adam ya koyi sana'arsa? Neman amsar wannan tambaya ne ya cinye rabin ƙarshe na rayuwar Ciamician, kuma har yanzu masana ba su gama amsa ta ba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Ciamician ran 27 ga watan Agusta, 1857, a Tiriyeste, wata babbar tashar jiragen ruwa a bakin Tekun Adiriyatik. A wancan zamani garin yana ƙarƙashin Daular Ostiriya, ko da yake yawancin mutanensa Italiyanci suke yi. Shi zuriyar Armeniyawa ne, kuma danginsa suna danganta kansu da Mikayel Chamchian, wani malami na ƙarni na 18 wanda ya shahara da rubuta tarihin Armeniyawa.

Da ya gama makaranta a garinsu sai ya tafi Biyana, babban birnin daular, don neman ilmi mai zurfi. Tun yana ɗan shekara 20 ya fara buga sakamakon bincikensa, kuma abin lura shi ne binciken nasa na farko ma a kan haske ne. An riga an gano cewa idan aka ƙona wani sinadari, aka bi da haskensa ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken yakan rarrabu zuwa layuka masu launi, kuma kowane sinadari yana da nasa layukan, kamar yadda kowace zuriya take da nata tsagen fuska. Ciamician ya kwatanta layukan sinadarai da yawa, ya lura cewa waɗanda halayensu suka yi kama, layukansu ma sukan yi kama.

A Biyana ɗin ne kuma ya yi aiki a ƙarƙashin wani malami mai suna Hugo Weidel, suna binciken wani baƙin mai mai wari da ake samu idan an gasa ƙashin dabbobi. A cikin man nan akwai wani sinadari da ake kira pirol, wanda daga baya ya zama abin da aka fara sanin Ciamician da shi. Cikin 1880 ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Gissen ta ƙasar Jamus. Wannan jami'a ita ce inda mashahurin masanin nan Justus von Liebig ya koyar daga 1824 zuwa 1852, kuma sunan Liebig zai sake fitowa a ƙarshen wannan labari ta hanyar da shi kansa Ciamician bai taɓa zato ba.

ZAMANSA A RUM

A shekarar da ya sami digiri ya koma birnin Rum, ya zama mataimakin Stanislao Cannizzaro, wanda a lokacin shi ne jagoran masana sinadarai na Italiya. Cannizzaro ne ya warware wa masanan Turai rikicin da suke yi game da nauyin ƙwayoyin zarra, a babban taron da aka yi a Karlsruhe cikin 1860. Zama da irin wannan malami ba ƙaramar sa'a ba ce ga yaro ɗan shekara 23.

A Rum, Ciamician ya duƙufa a kan pirol. Ƙwayar wannan sinadari zobe ce mai kusurwa biyar, huɗu na kabon, ɗaya na naitirojin. Ƙaramin abu ne, amma muhimmancinsa ya wuce girmansa, domin irin waɗannan zobba guda huɗu ne suke haɗuwa su zama jan launin da ke cikin jini, haka kuma su ne ginshiƙin koren launin ganye, wanda da shi tsiro yake kama hasken rana. Cikin 1881 shi da wani Bajamushe mai suna Max Dennstedt suka gano hanyar faɗaɗa zoben daga kusurwa biyar zuwa shida, kuma har yau littattafan jami'a suna kiran wannan hanya da sunayensu. Bayan wannan ya haɗa pirol da aidin, ya sami wata hoda da aka sa wa suna ayodol, wadda likitoci suka riƙa barbaɗa wa rauni a maimakon wata tsohuwar hoda mai tsananin wari. Cikin 1887 babbar ƙungiyar masana ta Italiya, wadda ake kira Lincei, ta ba shi kyautar Sarki saboda wannan aiki.

Abu biyu ya samu a Rum waɗanda suka fi kyautar daraja. Na farko shi ne aboki, wani Bajamushe mai suna Paul Silber, mutum mai haƙuri da ƙwarewar hannu, wanda suka yi aiki tare fiye da shekara 30. Na biyu shi ne sha'awar aikin haske. Cannizzaro ya daɗe yana binciken wani maganin tsutsar ciki mai suna santonin, wanda tun 1834 aka lura cewa idan aka bar shi a rana yakan koma rawaya, ƙwayoyinsa su tsattsage. Cikin 1886 Ciamician ya buga bincikensa na farko a wannan fanni. Ya zuba wani sinadari mai suna kwinon a cikin alkohol, watau irin sifirit ɗin asibiti, ya bar shi a rana, sai ya tarar hasken ya sa kwinon ya ƙwace haidirojin daga alkohol ɗin, dukansu biyu sun zama wasu abubuwa dabam. Daga nan ya jingine wannan aiki na tsawon shekara 14.

KWALABE A SAMAN BENE

Cikin 1887 aka naɗa shi shehun malami a Jami'ar Padowa, bayan shekara biyu kuma, cikin 1889, ya koma Bolonya, wadda jami'arta ake ɗauka ita ce mafi daɗewa a Turai. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Daga 1900 shi da Silber suka fara dogon binciken da ya dawwamar da sunayensu. Kayan aikinsu ba su da yawa. A wancan lokaci babu fitilar lantarki mai ƙarfin da za ta yi musu abin da suke so, saboda haka suka dogara ga rana. Sukan zuba sinadarai a cikin kwalabe da bututun gilashi, su narkar da bakin gilashin su toshe shi, sa'an nan su jera su a barandar saman benen ɗakin gwaje-gwajensu. Akwai wani tsohon hoto da ake yawan bugawa, inda ake ganin Ciamician a kan wannan baranda, kwalabe sun kewaye shi jere-jere a kan bango da kantoci. Wata kwalbar takan yi makonni a rana, wata watanni, wata kuma shekara guda cur. Don kada su ɗauki aikin zafi su jingina wa haske, sukan ajiye irin wannan haɗi a cikin duhu, su kwatanta sakamakon biyun.

Aiki ne mai bukatar haƙuri ƙwarai. Idan aka buɗe kwalba bayan wata shida, abin da ake tararwa sau da yawa cakuɗaɗɗen abu ne mai danƙo, kuma babu ko ɗaya daga cikin na'urorin zamani da ke gaya wa mai bincike abin da ke cikin kwalba a cikin minti kaɗan. Sai an tace, an narke, an sake daskarewa, an ƙona ɗan kaɗan an auna hayaƙinsa, kana a san abin da aka samu. Idan an yi kuskure, sai a jira wata bazarar.

Da irin wannan haƙuri suka gano abubuwa da dama, ga uku daga ciki. Cikin 1900 suka nuna cewa wani sinadari mai suna benzofenon, idan aka narkar da shi a cikin alkohol aka sa a rana, ƙwayoyinsa sukan haɗu biyu-biyu, su fito fari fat a gindin kwalba. Wannan gwaji yana da sauƙi, har yanzu ɗaliban jami'o'i da yawa suna maimaita shi a bakin taga. Cikin 1901 suka gano wani sinadari wanda haske ke sa ƙwayarsa ta ɗauke oksijin daga wannan gefe nata ta mai da shi wancan gefe, ba tare da taimakon kome ba. Masu bincike na baya sun gina wata dabara a kan wannan, ta yadda ake kulle magani ko wani sinadari da wani ɗan makulli, ya zauna ba ya aiki, sai an haska shi makullin ya faɗi. Cikin 1908 kuma suka ɗauki karbon-ƙamshin nan da ake kira karvon, wanda ake samu a cikin wani irin na'ana'a, suka bar shi shekara guda a rana, sai ƙwayarsa ta naɗe ta kama kanta, ta zama wani sabon abu mai ƙamshin kafur. Suka faɗi yadda suke jin siffar sabon abin take, amma sai cikin 1957 wasu masana a Amurka, George Büchi da abokin aikinsa, suka tabbatar da cewa maganarsu daidai ce.

Muhimmin darasin da ya fito daga waɗannan kwalabe shi ne, haske yana da hanyarsa dabam da ta wuta. Wuta takan girgiza dukan abin da ke cikin tukunya, mai amfani da marar amfani. Haske kuwa ƙwayar da ta iya haɗiye shi kaɗai yake shiga, ya ba ta ƙarfin yin abin da wuta ba za ta sa ta yi ba, alhali kwalbar tana nan da ɗumin rana kawai. Ciamician bai san dalilin haka filla-filla ba, domin a daidai waɗannan shekaru ne Albert Einstein da wasu suke fara bayyana cewa haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da iyakar ƙarfinsa. Shi dai ya ga abin da ido, ya auna, ya rubuta.

JAWABIN NEW YORK

Zuwa wannan lokaci sunansa ya kai ko'ina. Cikin 1908 ƙungiyar masana sinadarai ta Faransa ta gayyace shi ya yi lacca a Faris, inda ya kwatanta taushin hanyar tsirrai da zafin hanyar masana'antu. Cikin 1910 aka naɗa shi ɗan Majalisar Dattawa ta Italiya. Amma abin da aka fi tunawa da shi shi ne jawabin da ya yi a watan Satumba na 1912, a babban taron masana sinadarai na duniya karo na takwas, a birnin New York na Amurka, wanda mujallar Science ta buga a ƙarshen wannan wata.

Ya kamata a tuna da halin da ake ciki a shekarar. Kwal ne ke tura jiragen ƙasa da na ruwa, shi ke narkar da ƙarfe, daga kwaltarsa kuma ake fitar da rini da magunguna. Ƙarfin kowace daula ana auna shi ne da yawan kwal ɗin da take haƙowa. A gaban manyan masu masana'antun da arzikinsu ya dogara ga wannan, Ciamician ya tashi ya tuna musu cewa kwal hasken rana ne na zamanin da, wanda dazuzzuka suka tara, ƙasa ta binne, kuma duk abin da ake ɗiba ba a mayarwa, wata rana zai ƙare. 

Ya kawo lissafi. Bisa ga ƙiyasinsa, kwal ɗin da ake haƙowa a Turai da Amurka a shekara guda ya ɗan haura tan miliyan 1,000. Hamadar Sahara kuwa, wadda ya ƙiyasta faɗinta a kan murabba'in kilomita miliyan 6, tana samun hasken rana a yini ɗaya tak wanda ƙarfinsa ya kai na kwal tan miliyan 6,000. Watau abin da rana ke zubawa a Sahara daga safe zuwa yamma ya ninka aikin dukan mahaƙan kwal na shekara sau biyar ko fiye.

Daga nan ya kawo shawara iri biyu. A ƙasashe masu ruwa da ciyayi, a inganta noma, a riƙa samun makamashi da kayan masana'antu daga tsirrai, a mai da tokarsu gona ta zama taki. A ƙasashe masu fari kuma, inda shuka ba ta yi, a kafa masana'antu marasa hayaƙi, inda za a shimfiɗa bututun gilashi a fili, rana ta riƙa haɗa sinadarai a cikinsu. Ya ce mabuɗin wannan aiki shi ne a sami abin da zai yi wa masana'anta aikin da koren launi ke yi wa ganye, watau ya kama haske ya miƙa ƙarfinsa ga wasu sinadarai. Ya kuma yi hasashen cewa idan haka ta tabbata, ƙasashe masu zafin rana, waɗanda zamanin kwal ya bari a baya, su ne za su sami rinjaye.

An yaba wa jawabin, amma ba a yi aiki da shi ba. Kwal yana da araha, man fetur kuma yana tafe da arahar da ta fi ta kwal.

YAƘI DA RASUWA

Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ɓarke cikin 1914, Italiya kuma ta shiga cikin 1915, ya kawo ƙarshen aikin Ciamician da Silber, tun da Silber Bajamushe ne. Aka kuma jawo Ciamician cikin hidimar yaƙi. Shi da wani masani mai suna Leone Pesci suka tsara wa sojojin Italiya wani takunkumin fuska don kare su daga iskar guba. Takunkumin yana tare gubar kulorin, amma ba ya tare wadda ta fi ta muni, mai suna fosjin. Ran 29 ga watan Yuni, 1916, sojojin Ostiriya suka saki haɗin gubar biyu a dutsen San Michele, dubban sojojin Italiya suka mutu ko suka jikkata. Mutumin da ya yi wa'azin a tausasa ilmin sinadarai ya rayu ya ga an mai da ilmin makamin kisa.

A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga tsirrai kai tsaye. Shi da wani almajirinsa mai suna Ciro Ravenna suka riƙa ɗura wa tsirrai masu rai sinadarai iri-iri don su ga yadda za su sarrafa su. Ya kuma ga garin haihuwarsa, Tiriyeste, ya koma hannun Italiya bayan yaƙi. Ba a daɗe ba ciwo ya kama shi, ya rasu a farkon 1922.

GARIN RAWAYA

Shekara 50 maganarsa tana kwance a ɗakunan karatu. Cikin 1972 wasu Japanawa biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa farar hodar nan ta titaniyam da ake sawa a fenti tana iya amfani da haske ta raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin. Shekara guda bayan haka, cikin 1973, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai ƙasashen Turai da Amurka suka tuna da rana. Amma farar hodar tana da aibi: hasken da ido ba ya gani kaɗai take kamawa, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Daga 2008 masana a Amurka suka bunƙasa wata hanya ta haɗa sinadarai da hasken da ido ke gani, amma abubuwan da suke kama musu hasken an gina su ne a kan rutiniyam da iridiyam, ƙarafa masu tsada waɗanda suke cikin mafiya ƙaranci a bayan ƙasa.

Irin wannan abu mai kama haske masana suna kiransa katalis. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya fito yadda ya shiga, ya nufi wani cinikin. Abin da ake nema shi ne dillali mai araha, wanda ba ya lalacewa, mai aiki da hasken da ido ke gani.

A nan ne sunan Liebig ya dawo. Cikin 1834, yana Gissen, ya bayyana wani rawayan gari da ba ya narkewa a ruwa, wanda masanin Suwidin Berzelius ya fara samu, ya sa masa suna melon. Shi ne kuma ya raɗa wa melamin suna, sinadarin da ake yin kwanonin roba masu tauri da shi. Ba wanda ya ga amfanin rawayan garin. Cikin 1922, shekarar da Ciamician ya rasu, wani Ba'amurke mai suna Edward Franklin ya yi bayanin cewa idan aka ci gaba da gasa shi, zai doshi wani abu da ya ƙunshi kabon uku da naitirojin huɗu kawai, watau kabon naitirayid. Cikin 1989 aka sake waiwayarsa, sa'ad da wasu masana suka yi lissafin cewa wani nau'insa zai iya yin gogayya da lu'ulu'u wajen tauri. Amma sai cikin 2009 aka gane babbar baiwarsa. A wannan shekara Xinchen Wang da Markus Antonietti na Cibiyar Max Planck da ke Fotsdam a Jamus, tare da Kazunari Domen na Japan da abokan aikinsu, suka nuna cewa garin yana kama hasken da ido ke gani, ya taimaka wajen fitar da haidirojin daga ruwa, alhali babu ƙarfe ko kaɗan a cikin gininsa.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Ana zuba melamin, ko yuriya, watau farin takin zamanin nan da manoma suka sani, a cikin kasko mai murfi, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 550 na ma'aunin Selshiyas na 'yan sa'o'i. Abin da ya rage a kaskon shi ne rawayan gari, wanda aka gina da zobban kabon da naitirojin, sun sarƙu da juna sun shimfiɗu falle-falle kamar tabarmi da aka jibge. Mutumin da ya fara suna da zoben kabon da naitirojin a Rum, da ya ga wannan gini, da ba zai zame masa baƙo ba.

Idan shuɗin haske ya faɗa kan garin, yakan ɗaga wata ƙwayar lantarki mai suna elektoron daga mazauninta, ya bar gurbi a wurin. Ƙwayar da gurbin duka sukan fito bayan garin. Ƙwayar ta faɗa cikin wani sinadari da ke kusa, gurbin kuma ya zaro wata ƙwayar daga wani sinadarin dabam ya cike kansa. Da haka sinadaran biyu suke farkawa su shiga haɗuwa, garin kuma ya koma yadda yake. Cikin 2010 aka nuna cewa da wannan gari da iska da haske ana iya juya wasu nau'o'in alkohol zuwa sinadaran da masu turare da masu magani ke bukata. Cikin 2019 ƙungiyoyin Burkhard König da Antonietti suka buga a mujallar Science, wadda ta buga jawabin Ciamician shekara 107 kafin nan, cewa garin yana iya liƙa sassa biyu dabam-dabam a jikin zobe guda a tukunya ɗaya, irin aikin da ake bukata wajen ƙera magunguna. Da yake garin ba ya narkewa, idan an gama sai a tace shi, a wanke, a sake amfani da shi. Wannan babban abu ne ga masu yin magani, waɗanda doka ta tilasta musu su tsarkake maganinsu daga ɓurɓushin ƙarfe.

Amma fa aikin bai kammala ba. Ɓangaren shuɗi kawai na hasken rana garin yake kamawa, sauran ya wuce a banza. Sau da yawa ƙwayar lantarkin takan koma gurbinta tun ba ta yi aikin kome ba. Garin da aka gasa a wannan ɗaki yakan bambanta da na wancan, kuma a babbar tukunya haske ba ya ratsa ruwan da gari ya gurɓata. Bugu da ƙari, yawancin masu binciken ba rana suke amfani da ita ba, ƙananan fitilun lantarki ne masu shuɗin haske, don rana tana faɗuwa, gajimare kuma yana rufe ta. Filayen bututun gilashi da Ciamician ya hango a cikin hamada ba a gina su ba tukuna. Sai dai an ga alamar cewa haske yana iya aikin masana'anta: cikin 2013 kamfanin Sanofi ya fara haɗa artemisinin, tushen manyan magungunan zazzaɓin cizon sauro, a garin Garessio na Italiya, kuma ɗaya daga cikin matakan haɗin da haske aka yi shi.

A yau sashen koyar da ilmin sinadarai na Jami'ar Bolonya yana ɗauke da sunan Giacomo Ciamician, masana kuma suna lissafa shi cikin waɗanda suka fara kiran a riƙa haɗa sinadarai ba tare da ɓata iska da ruwa ba. Lissafin da ya yi cikin 1912 bai tsufa ba, sai dai abin da ake ƙonawa ne ya ƙaru. Ƙasashen da ke bakin Sahara suna da ranar da ya yi magana a kanta, suna da takin da ake gasawa ya zama garin. Abin da zai nuna ko hasashensa game da su zai tabbata shi ne ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗaliban da za a horar a cikinsu, da irin haƙurin mutumin da yakan jira shekara guda kafin ya buɗe kwalba ɗaya.